Kunya ko Allura

Shekara uku da samun 'yancin kai, likitan fiɗa kan zo Dogon Dutsi sau ɗaya a wata, Zalihatu kuma ita ke jinyar waɗanda ya yi wa aiki. Ranar nan, duk faɗin Arewa, ba wanda aka kwantar mata sai Maikano, makiyayi daga Sukukutane, uban mijinta.

Aikin ƙaba aka yi masa. Kafin a taɓa mutum akan yi masa allurar da ke kashe ƙarfin jiki, ya zama kamar jiƙaƙƙen tsumma. Wani sai ya farka allurar ba ta sake shi ba, numfashi ya yi ta raguwa shiru har ya tsaya. Gwajin kuwa ba wuya: ya buɗe ido, ya ɗaga kai, ya matse hannun mai jinya.

"Baba, buɗe ido ka dube ni," in ji Zalihatu.

Ko gezau.

"Baba, kama hannuna."

Shatu, uwar mijinta, ta riƙe baki. "Ke ɗiyag ga, mi yas same ki? Surukinki na fa! Kunya ta. Shekara huɗu bai taɓa duban ki ba, yau za shi fara?"

Abin haushin shi ne gaskiya ta faɗa. Tsohon nan in ya hango ta a rijiya sai ya canja hanya. Zalihatu ta ji kamar ta kurma ihu. Likita yana ciki da wani a kan tebur, ba za ta fizgo shi ba in kunya ce kawai ta hana tsohon motsi. In kuma allura ce, kowane minti na cin tsohon.

Tana juyowa sai ga Shatu da ƙwaryar nono.

"Inna, don Allah aje! Shaƙe shi za ya yi!"

"Boko dai ya ɓata ku."

Zalihatu ta juya wurin tsohon. Ta ɗauko sandar kiwonsa da ke jingine a bango, ta cusa masa a tafi, ta lanƙwasa yatsunsa a kai. Da sanda dai ba surukuta. Ta ja a hankali.

Yatsun suka ɗan motsa, suka saki. Sandar ta faɗi ƙasa.

Zalihatu ta kwasa da gudu ta hau dukan ƙofar likita. A bayanta ta ji Shatu, wadda shekara arba'in ba ta taɓa faɗin sunan mijinta ba, tana kira da ƙarfi: "Maikano! Maikano!"