Hannuwa a Baya

Kowace safiya, kafin in sa ko ruwa a bakina, nakan durƙusa a kan siminti in haɗa hannuwana a baya in yi addu'a. 'Yan ƙungiyar mawaƙa a coci suna yi mini dariya, wai kamar ɓarauniyar da aka kama. Su yi ta yi. Ni na san hannuna, ya fi bakina sauri, bakin kuwa ba daga baya ba. Shi ya sa nake ɗaure shi tun da safe in ce, "Ya Yesu, yau ma riƙe mini shi." Mutumin ƙarshe da nake yi wa addu'a shi ne mijin yayata, kuma da cizon haƙora nake yi.

Ran nan ina goge farar rigata ta aikin asibiti, sai na ji an banko ƙofar gida. Yaya tana ɗakina tun jiya, da tsohon ciki, ido ɗaya a kumbure. Na fito na ja ƙofar ɗakin, ita kuma ta danna sakata ta ciki. Sai da na tsaya a baranda na lura dutsen gugar yana hannuna, da zafinsa.

"'Yar boko," in ji mijin nata, "fito mini da matata."

"Ina kwana, mijin Yaya. Barci take yi."

"Matsa!"

"Ba inda za ni."

Marin ya sauka, kunnena ya ɗauki ƙara. Hannuna ya ɗaga da kansa. Ya dubi dutsen gugar ya yi dariya, ya miƙo kumatu.

"Ƙona ni mana, malama nas. Ƙona ni kowa ya shaida!"

Na so. Har na zaɓi wurin, ƙasan idonsa na hagu, daidai inda ya fasa mata. Amma in na ƙona shi ni za a tafi da ni, ƙofar ta zauna ba kowa. Na ajiye dutsen a ƙasa, na mai da hannuwana baya kamar kullum, na damƙe mariƙin ƙofar.

Ya zare bel. Ƙarfen ya tsaga mini gira, jini ya rufe mini ido. Ya kama gashina ya buga kaina da katako, ya sake bugawa. Na ji haƙori yana yawo a bakina, na tofar masa a kan takalmi.

A ciki sakata ta motsa. Yaya tana kuka: "Bari in fito, zai kashe ki!"

"Yaya, kika zare sakatar nan, ni da ke har abada!"

Ya zagayo yana ɓamɓare mini yatsu, ƙaramin ya yi ƙas. Ban saki ba. Ban kuma yi masa kukan da yake jira ba. Abin da ke fita daga bakina kawai shi ne, "Riƙe mini, riƙe mini."

Ihun Maman 'yan biyu, maƙwabciyarmu, shi ya kawo mai walda na bakin titi da direban da ke haya a ɗakin baya. Su suka danne shi. Da 'yan sanda suka zo ya rantse faɗa muka yi. Suka juya shi gaba da baya, ko ƙwarzane babu.

"Ke 'yar nan, saki mana, an tafi da shi," in ji Maman 'yan biyu. "Ko da ƙofar za a kai ki asibitin?"

Ita ta buɗe mini yatsun a hankali. Sannan na ce wa Yaya ta zare sakata. Ta fito riƙe da cikinta, ba abin da ya taɓa shi.

Washegari na durƙusa da bandeji, hannun ya ƙi zuwa baya sai da Yaya ta taya ni. Na yi wa kowa addu'a har na iso kan mijinta. Na daɗe a nan, gwiwoyina suna zugi. Amma sai da na yi masa na tashi.