Zoben Cikin Tanka

Idan aka ɗaure wa mutum tumbi da zobe don ya rage ci, ya kuma rage ɗin, ƙoƙarin na waye? Nasa ne, ko na zoben? Ni dai ban san amsar ba. Shi ma Tanka, wanda zoben ke cikinsa, ya daɗe yana juya tambayar bai kama bakin zarenta ba.

Tanka bakanike ne a wani babban gareji da ke gyaran motocin haya. Abokan aikinsa ne suka laƙaba masa sunan saboda girman jikinsa kamar tankar mai, har ya bi shi gida. Gwanintarsa aikin ƙarƙashin mota ce: giya, kulochi, salansa. Yana da wani katako mai tayoyi da ya haɗa da hannunsa, a kansa yake kwanciya rigingine ya zura kansa ƙarƙashin mota, ba ka ganin komai sai takalmansa. Sai ƙiba ta yi ta hawa, har ta kai ko an ɗaga mota iyakar jak, cikinsa na gogar ƙasanta. Ga gwiwoyi sun fara ƙara, ga ciwon suga ya leƙo. Wata rana ya maƙale a ƙarƙashin wata bas, sai da aka ƙara jak na biyu aka jawo shi. Washegari manaja ya mayar da shi ɗakin ajiyar kaya, yana miƙa wa mutane sifana ta taga.

"Ba korarka na yi ba," in ji manaja. "Katakonka na nan a jingine. Amma akwai sababbin motocin da za a kawo mana. In sun iso ba ka iya shiga ƙarƙashi ba, dole in ɗauko wani."

Wannan maganar ce ta kai shi asibiti. Aka yi masa aiki, aka zagaye saman tumbinsa da wani zoben roba, ta yadda abinci kaɗan zai tsaya a sama ya ƙosar da shi kafin ya gangara. A ƙarƙashin fatar cikinsa aka bar wani abu kamar maɓallin riga. Ta nan ake sa allura a ƙara wa zoben ruwa ya matse, ko a zuƙe ruwan ya saki. Mai yin wannan aikin wata nas ce mai tabarau da kowa ke kira Sista, wadda ba ta ɗaga murya kuma ba ta maimaita magana.

"Zoben ba zai tauna maka abinci ba," ta ce masa tun ranar farko. "Ƙaramin faranti, ƙaramar loma. Ka tauna har sai ka gaji da taunar. Kar ka sha ruwa a kan abinci. Da ka ji ya isa, ka ɗaga hannu ko da saura."

Tanka ya gyaɗa kai, amma a ransa ya ce wannan ai wasan yara ne. Shi mutum ne da ya saba ci a tsaye tsakanin mota da mota, loma uku ya share kwano ya goge hannu a wando.

Da farko abin ya yi kyau. Nauyi ya fara zuba, ya huda sabon rami a bel ɗinsa, ya sake huda wani. Amma hannunsa bai koyi sabon hali ba. Wata rana da tsakar rana ya yagi burodi ya haɗa da tsokar nama ya tura yadda ya saba. Lomar ta tsaya masa a ƙirji cak, kamar an cusa tsumma a bututu. Ba ta sauka ba, ba ta dawo ba. Yawu ya cika masa baki, idanunsa suka kawo ruwa. Ya ruga bayan gareji ya dafa bango.

Mai walda, abokinsa na shekara da shekaru, ya biyo shi da tabaran walda a goshi.

"Tanka, lafiya? Ko fitar da kaya ake yi ta ƙofar shiga?"

"Tafi ka ba ni wuri."

"To ka riƙa sa giya ɗaya mana. Kai kullum a giya biyar kake shiga kwana."

Wani mutumin zai ɗauki darasi ya rage gudu. Tanka wani darasin ya ɗauka. Ya ce a ransa: hannun nan nawa ba abin yarda ba ne, shi ya kai ni inda nake, to bari a ɗaure ƙofar yadda ko hannun ya kawo, ba za ta karɓa ba. Da ranar asibiti ta zo ya ce a ƙara matse zoben.

"Abinci na wucewa lafiya?" Sista ta tambaya.

"Lafiya lau. Har yunwa nake ji."

Ta ƙara ruwa kaɗan. Da ya sake dawowa ya faɗi haka, ta sake ƙarawa. Ƙarya ce, ya kuma san ƙarya ce, amma yana ganin ƙaryar da mutum ya yi don ya hukunta kansa ba ta da nauyin wadda ya yi don ya ji daɗi.

Daga nan nama ya daina wucewa. Shinkafa ta bi baya, sai ƙwai, sai kifi. Abin da ke wucewa kawai shi ne abin da ke kwarara. Sai Tanka ya koma shayi mai kauri da madarar gwangwani, kofi bayan kofi, da yogot mai zaƙi, da askirim ɗin da mai keke ke kawowa bakin gareji. Bai ɗauke su abinci ba. Ai bai tauna komai ba, mutumin da bai tauna ba kuwa a ganinsa bai ci ba.

Matarsa ce ta fara magana. Ta dafa masa kifi ya yi laushi, ta zuba a ɗan faranti da ƙaramin cokali a gefe, ya ture ya jawo fulas ɗin shayi.

"Baban yara, yau ma?"

"Ba ya wucewa."

"To ka je a sassauta abin nan mana. Kana tari in ka kwanta, filo uku kake tarawa kamar mai gadon sarauta. Gwangwanayen madarar da nake kwashewa a gidan nan sun isa a buɗe shago."

"A sassauta? Na kwanta an huda min ciki don a sassauta?"

"An huda ka ne don ka warke, ba don ka zama jariri mai shan madara ba. Jaririn ma ai ana yaye shi."

Bai yi dariya ba. Ya kurɓi shayinsa yana kallon bango.

Sikelin asibiti shi ma ya ƙi ba shi goyon baya. Allurarsa ta tsaya inda ta tsaya a zuwan baya, har ta ɗan gota. Sista ta dube shi ta saman tabarau.

"Me ka ci jiya?"

"Ban ci komai ba."

"To me ka sha?"

Da ya lissafa mata, ta ajiye biro. "Zoben ya matse da yawa. Abincin kirki ba ya wucewa, sai zaƙi. Shi ya sa ba ka raguwa, ga shi kuma jikinka ba ya samun abin da zai riƙe shi. Hau gado in rage ruwan."

"A'a, Sista. In ma da hali, ƙarawa za a yi."

"Ba zan ƙara ko ɗigo ba. Ragewa kuwa jikinka ne, ba zan danne ka ba. Amma ka sani, zoben da aka bari haka yana iya ɓata tumbin da maƙogwaron gaba ɗaya. Ƙofata a buɗe take."

Ya gyara rigarsa ya fita yana jin kansa kamar wanda ya ci jarrabawa.

A gareji ya ci gaba da zama a tagarsa. Ko daga can kunnensa na aiki. In aka tayar da mota ya ji siririn kukan da inji ke yi in an matse bel ɗin fankarsa da yawa, sai ya leƙo ya daka tsawa: "Wa ya ɗaure fambel ɗin nan haka? Ba ku ji boris na kuka ba? Ku sassauta shi kafin ya ci kansa!" Sai a sassauta, kukan ya ɗauke.

Da labari ya zo cewa sababbin motocin sun kusa, Tanka ya fito daga ɗakin kaya da safe, ya ɗauko katakonsa ya kakkaɓe ƙura, ya ɗiga wa tayoyin mai. Akwai wata bas a kan jak da ke jiran a sauke mata kulochi. Ya shanye kofin shayinsa don ya sami ƙarfi, ya ce wa manaja ya zo ya gani. Ma'aikata suka ajiye abin da suke yi suka taru.

Ya zauna a kan katakon, ya miƙe bayansa, ya tura da dugadugansa. Ya shige sumul. Tsakanin cikinsa da ƙasan motar har da sauran wuri. A waje aka ɗauki tafi da fito, mai walda na buga guduma a kan ganga.

A ciki Tanka ya kalli ƙasan bas ɗin, baƙin mai da tsatsa da warin da ya yi kewa. Ya sa sifana a kan noti na farko ya ja. Notin bai motsa ba. Hannun da a da yake kwance irinsa da jan farko yanzu ba shi da ƙarfi. Ya tattara ƙarfi ya sake ja, sai shayin da ya sha, wanda ke tsaye a saman zoben bai gangara ba, ya taso masa. Ya cika masa maƙogwaro, ya bi ta hanci. Ya yunƙura zai tashi, goshinsa ya daki ƙarfe. Babu wurin tashi, babu wurin juyawa. Sifanar ta faɗi, ƙafafunsa suka fara dukan ƙasa.

Mai walda ne ya fara ganewa. Ya cafki ƙafafun ya finciko shi da katakon gaba ɗaya, ya juya shi gefe yana bubbuga bayansa. Tanka ya yi ta tari har ya ga duhu-duhu. Tafin ya mutu. Mutane suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya tuna da aikin da ya bari.

Manaja ya tsuguna kusa da shi. "Ka shiga, na gani. Amma ba zan sa mutum a ƙarƙashin mota ya shaƙe min ba. Motocin ba su iso ba tukuna. Ka san abin da za ka yi." Ya tashi ya tafi ofis.

Suka rage su biyu a bakin bango. Mai walda ya miƙa masa tsumma ya goge fuska.

"Da ciki ne ya hana ka shiga, yanzu kuma ciki ne ya fito da kai. Kai da cikin nan sai an kai ku gaban alƙali."

Tanka ya ci gaba da goge fuskarsa.

"Kullum kana taga kana mana ihu, a sassauta fambel, boris na kuka. Naka boris ɗin tun yaushe yake kuka? Har gidana ina jin tarinka."

"Ba ka gane ba," in ji Tanka, muryarsa a shaƙe. "In aka sassauta, ni zan rage da kaina. Ni da faranti. Kuma na san kaina. Shekara nawa ina cewa gobe zan rage ci? Zoben nan ne kaɗai ya taɓa ce min a'a na ji."

Mai walda ya girgiza kai.

"To ai ya ce maka a'a kan kifi, ya ce maka e kan askirim. Wannan wane irin mai gadi ne? Ya hana mai gida shiga, ya buɗe wa ɓarawo."

Tanka ya dubi katakonsa da ke kife a gefe, taya ɗaya na juyawa a hankali. Abin da ya guje wa ke nan tun farko. Ya so ne a ɗaure shi yadda ba sai ya yi komai ba, kamar yadda ake sa wa mota waigi a gangare. Ya kira hakan jarunta, alhali taunar loma ɗaya a hankali, ga yunwa ga faranti a gabansa, ita ce ta fi ƙarfinsa. Ko zai iya, bai sani ba. Abin da ya sani shi ne ba a gyaran kulochi a zaune.

Ya miƙe, ya ɗauki katakon ya jingine shi a inda yake, ya juya tayoyin ciki don kar wani ya yi tuntuɓe.

"Kar kowa ya taɓa min bas ɗin nan," ya ce.

"Ina za ka?"

"Wurin gyara."

Da kayan aikinsa ya je, baƙin mai a gwiwar hannu, ƙullutu a goshi. Ya zauna a bencin jira har aka kira shi. Sista ta ɗago ta dube shi, ta dubi goshin, ba ta tambayi komai ba.

"Sista, abinci ba ya wucewa. Tun tuni ba ya wucewa. Duk lafiya lau ɗin da na riƙa ce miki, babu gaskiya a ciki."

"Na ji. Ka san in na rage, yunwa za ta dawo?"

"Na sani."

"Nama zai wuce, burodi ma zai wuce. Kai ne za ka tsayar da hannunka."

"Akwai wani ɗan cokali a gida da aka daɗe ana ajiye min," ya ce. "Zan gwada shi."

Ya hau gadon. Da ya zo kwanciya ƙirjinsa ya yi zafi, ta ɗaga masa wajen kan ya jingina. Ya kama bakin rigarsa da hannu biyu ya naɗe ta zuwa ƙirji, ya lalubo maɓallin da ke ƙarƙashin fata da yatsa, ya nuna mata wurin kamar yadda yake nuna wa mai mota inda matsala take.

"Ga shi nan," ya ce. "Sassauta."