Ƙullutun Bayan Gwiwa

A gida Na-Sani suke ce mata, kuma tana amsawa. Shekara biyar ta yi tana karatun gashin ƙashi, don haka da ƙullutu mai laushi ya fito mata a bayan gwiwar hagu, ba ta tambayi kowa ba. Tsoka ce ta ɗaure, in ji ta. Kullum sai ta murje shi da man zafi, murza irin ta mai digiri.

Wata Talata numfashi ya ƙwace mata a kan matakalar wurin aiki. Gudan jini ne ya toshe mata hanya a huhu. Aka ɗora ta kan maganin tsinka jini, ta koma aiki tana tafiya tana hutawa, wanda ya tambaya ta ce takalmi ne ya matse ta. Bayan wata uku, abin ya sake kayar da ita.

"Daga wani wuri yake tasowa," likitan ya ce. "In ba mu gano wurin ba, na uku ba lalle ya bar ki ba."

Aka kwantar da ita, mai hoto ya bi ƙafafun da na'ura, sama da ƙasa. Babu komai.

Gwaggonta, wadda ke jinyarta, ta yi gyaran murya daga bakin ƙofa. "Ɗan nan, ku tsayar da ita mana. Abin ba ya fitowa sosai sai tana tsaye. Ina ganinsa in tana guga."

"Gwaggo, don Allah. Nan fa asibiti ne."

"Na sani, ai ni na kawo ki."

Na-Sani ta miƙe, ta dafa bango tana haki, kunya na cin ta fiye da ciwon. Ko minti ɗaya ba a yi ba mai hoto ya kira likita. Jijiyar jini ce ta kumbura ta yi jaka. Jini na taruwa a ciki ya daskare, ya ɓalle ya haura huhu. Sai an yi aiki.

"Ba dai wanda ke matsa wurin ko?" likitan ya tambaya.

Gwaggo ta ɗaga kai tana nazarin fanka.

"Ana matsawa," Na-Sani ta ce. "Safe da yamma."

"Subhanallahi! Wane jahili ne?"

"Ƙwararriya ce, likita. Ita ta zo ta ɗaya a ajinsu." Na-Sani ta miƙa hannu. "Kawo takardar aikin in sa hannu, kafin ta sake ba ni shawara."