Gas ɗin Motar Shigeru

Motar Shigeru ta girmi ɗana na fari. Irin motar nan ce mai gado da murhu a ciki, wadda shi da matarsa Tomie suka zaga Hokkaido da ita tun gashinsu na baƙi. Ana gab da bikin Obon, wanda mu Japanawa muke tarbar ruhin iyayen da suka rasu a cikinsa, ya shigo da ita garejina, esinta na huro iska mai ɗumi kamar numfashin saniya.

"Tokuji, duba min tsohuwar nan," in ji shi.

"Ita ma gajiya ta yi da kai, malalaci. Yaushe rabon da ka buɗe mata baki?"

Ya yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba, kuma na san dalili. Zuciyar Tomie ta yi rauni, likita ya hana ta shiga zafin watan Agusta. Kabarin iyayenta yana kan tudun bayan gari, kuma tun da ta yi wayo ba ta taɓa fashin zuwa ta kunna fitila a can ta rako su gida ba. Idan motar ba ta yi sanyi ba, bana ba ta zuwa. Baɗi kuwa, babu wanda ya yarda ya ambata.

Na duba, na tarar gas ɗin esin ya zurare ta wani tsohon tiyo. Na liƙe wurin, na zaunar da Shigeru a kan taya na yi masa bayani. Gas ɗin da aka haifi motar da shi an daɗe da daina yin sa. Sabon da ake yayi sai an sauya tiyo da man kwamfuresa, kuma kayan ba za su iso daga Osaka ba sai bayan biki, don kowa ya rufe shago ya tafi garinsu. Saura zaɓi na uku, ɗan uwan gas ɗin girki, mai sanyi sosai, ana zuba shi yau.

"To me muke jira?"

"Yana kama wuta. Tiyoyin nan duk sa'anninka ne, ban yarda da ko ɗaya ba. Ko ashana kada a ƙyasta a ciki."

"Mun daina girki a ciki, na daina shan taba. Zuba."

Na zuba. Motar ta yi sanyi har gilashi ya yi raɓa, Shigeru ya tafi yana waƙa da muryarsa mara daɗi.

Ranar ɗauko wutar fitila daga kaburbura, da la'asar sakaliya, duk gari yana kan tudu. Ni da matata mun wanke kabarin namu iyayen, ana ta gaishe-gaishe. Ina waiwayawa na hango Tomie, ƙafa ɗaya a matakalar mota, fitilar takarda a hannunta, kyandir na ci a ciki. Shigeru ma riƙe mata ƙofa yake yi, yana murmushi.

Ban san ina da sauran gudu a ƙafata ba sai ranar.

"Tomie, tsaya! Kai Shigeru, me na ce maka kan wuta?"

Ya dube ni, ya dubi fitilar. Ba mantawa ya yi ba. Bai taɓa lissafa ta a cikin wuta ba ne, don a wurinmu wannan iyaye ne ake rakowa. Ni kaina da nake masifa, sai da na gan ta a bakin ƙofar sannan ta faɗo min.

"To in kashe, su bi wa?" in ji Tomie a hankali. "Bari kawai in taka da ƙafa."

Leɓunanta har sun fara sauya launi. Tausayinta ya kama ni.

Shigeru ya miƙa hannu. "Kawo."

"Kai? Baba bai taɓa yarda ka zuba masa ko shayi ba."

Gaskiya ta faɗa. Tsohon ya mutu yana kiran surukinsa ɗan yawon banza, kuma duk shekarun nan Shigeru a mota yake jira har a gama addu'a.

"Yau ba shi da zaɓi," in ji shi. Ya karɓi fitilar, ya jefo min mukulli.

Na bar wa matata tamu fitilar, na hau na tayar. Tomie ta zauna kusa da ni cikin sanyi, muna bin bayansa a giya ɗaya. Gangaren yana da tsawo, gwiwarsa kuma ba ta da kirki. Rigarsa ta jiƙe sharkaf, ya kare kyandir ɗin da tafin hannu, yana tafe bakinsa na motsi.

Tomie ta sauke gilashi kaɗan don ta ji. Muryarsa ta shigo tare da zafin waje.

"Baba, a bi a hankali, nan akwai santsi. Tana bayanmu, lafiyarta ƙalau. Ina kula da ita."

Ta ɗaga gilashin, ta rufe fuska da hannu biyu tana kuka. Ni kuma na ƙara rage gudu.