Yoyo Daga Ɗakin Yaya

Ni mai aikin famfo ne, amma ba irin wanda ake kira gida-gida ba. A masana'anta nake, inda muke haɗa gidajen haya ɗaki-ɗaki kamar yadda kafinta yake haɗa akwati. Ɗaki yakan shigo layinmu ƙarfe tsirara, ya fita da bango da taga da banɗaki, har da ƙusar rataye tawul. Sai a ɗora shi a tirela a kai bakin tashar jirgin ƙasa, injin ɗaga kaya ya jera su wani kan wani har hawa shida. Nawa aikin bututun ruwa ne. In na gama haɗawa sai in ɗura ruwa, in maƙala agogon gwaji, in jira awa guda. Idan allurar ba ta sauka ba, in sa hannu, a rufe bango, ba mai sake ganin bututun.

Wata ranar Alhamis tirela tana jira a ƙofa, direba yana ta danna hon, shugaban layinmu yana zagaye ni kamar kaza mai neman wurin ƙwai. Minti ashirin da maƙala agogo na ga allura ta ɗan sauka, abin bai fi kaurin gashi ba. Na ƙwanƙwasa gilashin da yatsa, na ce wa kaina agogon ne ya tsufa, na sa hannu. Shekara tara ina wannan aiki, ɗakin nan kaɗai na taɓa yi wa haka, shi ya sa lambarsa ta zauna mini a kai: ɗari biyu da sha bakwai.

Bayan wata takwas yayata ta samu gida a ginin nan na bakin tasha, hawa na huɗu. Shara take yi a asibiti. Da can sai ta hau mota uku kafin ta isa aiki, yanzu kuwa saukowa kawai take yi ta shiga jirgi. Ranar tarewa babu wanda ba ta tare da labari ba. "Ƙanena ne ya haɗa famfunan ginin nan kaf!" Har mai sayar da tikiti a tasha sai da ya ji. Ni kuma ina gefe ina hura hanci.

Da na koma ziyara bayan wata biyu, sai na tarar da baho a tsakiyar falo, an shimfiɗa leda a ƙarƙashinsa, ƙofar banɗaki kuma an ɗaure ta da igiya.

"Yaya, lafiya? Banɗakin ne ya lalace?"

"Lafiyarsa lau. Yaran nan ne ba sa jin magana."

Ta zauna ta zayyana mini. Akwai wani tsohon tela a ƙasansu, silin ɗinsa yana ɗiga a kan keken ɗinki da yadin mutane. Mai kula da ginin ya kawo mata takardar gargaɗi sau biyu, ta uku kuwa ta tashi ce. Sau biyu tana sauka ta durƙusa wa telan. Sati uku ke nan a baho suke wanka, ta ɗauki ruwan a bokiti ta sauka hawa huɗu ta zubar. Duk da haka ɗigar ba ta tsaya ba, maƙwabta sun fara cewa ƙarya take yi.

"Ni na san 'yar nan ce take shiga a ɓoye," in ji ta, tana nuna babbar 'yarta mai shekara tara. "Shekaranjiya sai da na zane ta, tana ta rantse-rantse."

"Ba a duba bututu ba?"

"Mai kula da gini ya ce a fasa bango. Na ce masa aikin ƙanena ne, ba a fasa shi."

Na tashi na buɗe ƙaramin akwatin mita da ke bayan ƙofa, inda ake manna takardar masana'anta. Ga lambar nan, ɗari biyu da sha bakwai, ga sa hannuna a ƙasa. Kunya ta rufe ni, na mayar da murfin akwatin.

Washegari na dawo da kayan aiki. Na sa aka kira mai kula da gini, telan ma ya hawo yana haki. Na yanke bangon a gabansu. Audugar tare zafi da muke cusawa a cikin bango ta jiƙe sharkaf, ga mahaɗar bututu ba ta shige daidai ba, ruwa yana tsiyaya ɗis-ɗis.

Mai kula da gini ya leƙa, ya gyaɗa kai. "Girgizar hanya ce. Tirela takan yi haka."

"Ka ji ko!" Yaya ta tafa hannu, fuskarta ta washe. "Ai na faɗa muku."

Da na yi shiru, da shi ke nan. Wallahi na so in yi shiru, har na sunkuya ina laluben sifana a jakar kayan aiki. Amma yarinyar tana tsaye a bakin ƙofa, ga shatin bulala a ƙwaurinta.

Na ce, "Ba hanya ba ce. Tun a masana'anta agogo ya nuna mini, na sa hannu a haka. Ka rubuta a rahotonka yadda na faɗa."

Telan ya yi salati a hankali. Mai kula da gini ya ce zai janye takardun gargaɗin, ya ja tsohon suka fita. Na gyara mahaɗar cikin minti goma, aikin da bai fi haka ba tun farko.

Na jira Yaya ta zage ni, da ta yi da na samu sauƙi. Ko kallona ba ta yi ba. Ta kwance igiyar ƙofar banɗaki, ta naɗe ta a hannu, ta kira 'yarta.

"Zo nan. Kawunki yana da magana da ke."

Ta shige ɗaki ta rufe ƙofa. Na durƙusa a gaban yarinyar, hannuna duk dattin bango. Ita ce ta riga ni magana.

"Kawu, sannu da aiki. Yanzu zan iya yin wanka a ciki?"