Keken da Furoje Ya Ba Mala

Mala taubashina ne. Ubansa da uwata ciki ɗaya suka fito, shi ɗan namiji ni ɗan mace, don haka tun muna yara "bawa" yake kirana. Shan inna ta cinye masa ƙafafu tun bai san kansa ba. Ni Nomau, gyaran keke nake yi a rumfata a gindin bishiya, bakin hanyar da ta fito daga unguwar Birni.

Keken da Mala yake hawa a da, mai ƙafa uku, a nan Damagaram aka ƙera shi. Mai walda ne ya haɗa bututun ƙarfe da ƙafafun keken kasuwa, ya sa feda a wajen hannu. Mummuna ne, ga nauyi, in ya nutse a rairayin Birni har daga rumfata nake jin zagin Mala. Amma duk abin da ya lalace a jikinsa, ko ina da shi ko akwai a kasuwa. Da shi yake zuwa bakin kasuwa inda yake gadin babura. Mai wurin, Safiyanu, ba ruwansa da ƙafar mutum. Abin da yake so kawai a zo da wuri, kuma mai gadi ya riƙa kewaya layin baburan.

Bara waccan wani furoje, wato shirin agaji na Turawa, ya zo ya raba wa guragu kekuna. Mala ya samu. Fari ne tas, kujerarsa da soso, ga rashin nauyi. Ni kaina da na ɗaga shi da hannu ɗaya sai da na ce wannan kaya ne.

Ya ja birki a gaban rumfata ya ce, "Bawa, tashi ka gai da ubangidanka. Kun taɓa ganin irin wannan a garinku?"

Na ce, "Garinmu ɗaya da kai, mahaukaci."

"To janye hannunka, duk baƙin mai ne."

Tsohon keken kuwa, ranar Juma'a a bakin masallaci ya ba da shi sadaka ga wani Ɗanladi, mutumin Dakusa, wanda yake jan jiki a ƙasa. Hajjo matar Mala ta ce ya ajiye shi a zaure ko don wata rana. Ya ce Allah ya ba shi kyauta, shi ma kyauta zai bayar.

Sabon keken ya yi aiki, ban hana shi ba. Amma taya taya ce. Ƙaya ta ci, tsakuwa ta ci. Na yi ta liƙe shambur, wato robar ciki mai riƙe iska, har babu sauran wurin faci. Na ɗinke tayar dama da zaren buhu, ta riƙe, ta sake buɗewa. Ranar da gefenta ya yage daga nan har can, na ce masa sai sabuwa.

Muka je ofishin furoje. An cire allon, wani yana sayar da siminti a ciki. Mai simintin ya ce tun da damina suka kwashe kayansu.

Ban damu ba a lokacin. A jikin tayar an rubuta 26, ni kuma ko karatu bai yi mini yawa ba, lamba na santa. Na sayo 26 a kasuwa. Ta ƙi hawa janti, wato da'irar ƙarfen da taya take zama a kai. Na shafa sabulu, na sa ƙarfe biyu na banƙara, har ɗaya ya lanƙwashe. Ta yi kaɗan. Na mayar, na tono wata 26 a wurin wani tsoho mai tara kayan kekunan da. Wannan ta shiga ba gardama. Ina ba ta iska sai shambur ya leƙo ta gefe kamar hanji, ya fashe a fuskata. Ta yi yawa.

Mala yana zaune a kan tabarmata, ya yi dariya har da tari. "Shekara nawa kana wannan sana'a, bawa? Ko ƙidaya ce ba ka iya ba?"

"Ƙidaya ɗaya ce, tayoyin ne ba ɗaya ba."

"Ashirin da shida ai ashirin da shida ce, ko a Makka."

Ni ma da haka na sani. Na ba wani direba guntun tsohuwar tayar ya tafi da shi Kano. Ya dawo ya ce ya zagaya masu kayan keke, kowa ya juya guntun ya girgiza kai.

Shi kuwa aiki ba ya jira. Na cusa tsumma da guntun tiyo a cikin yagaggiyar tayar, na ɗaure da waya. Haka Mala ya riƙa tafiya, keken yana ɗingishi, shi yana isa kasuwa bayan an gama jera babura. Safiyanu ya yi magana sau ɗaya, ya yi ta biyu. Ana haka janti ya daki dutse a gangaren Birni ya tsage.

Na ce to a canza janti gaba ɗaya, a sa na kasuwa, a huta da neman taya. Na kwance ƙafar. Ramukan wayoyi a jantin kasuwa sun fi na cibiyar ƙafarsa yawa, ko kusa ba su haɗu ba. Na ce a canza ƙafar dukanta. Ita ma ta ƙi, domin ƙafar furoje ta gefe ɗaya ake soka ta, ta kasuwa kuwa sai an riƙe ta ta gefe biyu. Abin da ya rage a yi wa jikin keken walda, a ƙara masa marikin ƙafa.

Na tura keken a baro zuwa wurin Ali mai walda. Ali ya ɗora maganaɗisu a jiki, ya faɗo ƙasa. Ya sake ɗorawa, ya sake faɗowa.

Ya ce, "Nomau, wannan ba ƙarfe ba ne. Irin abin da ake zuba tukunya da shi ne. In na sa masa wutata, huda shi za ta yi."

Na dawo da shi. Na yanko falanki biyu na ƙarfe, na huda bututun keken da hannu, na ɗaure da kusoshi masu noti, na sa ƙafar kasuwa. Ta zauna, ta juya. Mala ya hau ya je masallaci ya dawo, yana ta buga ƙararrawa.

Ya ce, "Yau ka ci abincinka, bawa. Na kusa 'yanta ka."

Ba a yi nisa ba, wata safiya ana cikin hada-hadar kasuwa, bututun ya yage daidai inda na huda. Ƙafar ta yi gefe, Mala ya kife a tsakiyar kwalta, masu adaidaita suna ta ham. A amalanke aka kai shi gida, shi da keken.

Na same shi a zaure, gwiwar hannunsa ɗaure da tsumma. Hajjo ta ajiye mini ruwa ta tsaya a bakin ƙofa.

Na ce, "Mala, tsohon kekenka yana Dakusa. Na tambaya, lafiyarsa lau. Gobe in hau mota in je in yi wa mutumin bayani."

"Ka ce masa me?"

"In ce mai abu yana son abinsa."

"A bakin masallaci na ba shi, gaban jama'a. Yanzu in sauke shi ƙasa don ni in hau?"

Hajjo ta ce, "Ko aro ne, Malam. Kafin a ga abin da Allah zai yi."

"Aro har yaushe? Ƙafa ake ara?"

Hajjo ta juya ta shige ciki. Ƙera sabo irin na da kuwa, na riga na tambayi Ali. Ƙarfe ya yi tsadar da ni da Mala ko mun haɗu ba mu isa ba, balle yanzu da aikin yake rawa.

Safiyanu mutumin kirki ne, da kansa ya zo gaisuwa. Ya zauna ya yi addu'a, ya daɗe yana murza hula. Sannan ya ce an sace madubin wani babur ranar da ba kowa a wurin, shi ya sa ya sa wani ya riƙe gadin. Ya ce in keke ya gyaru a yi masa magana. Duk mun san abin da yake nufi.

Bayan haka Mala ya daina fita. Gawar keken tana jingine a bayan rumfata. Wani mai zubin tukwane ya zo ya ƙwanƙwasa ta da ɗan yatsa ya tambaya ko ta sayarwa ce, na kore shi, na kuma ba Mala labari.

Rannan da hantsi ina ɗaure sarƙar wani keke, na ɗaga kai na hango Mala yana tahowa daga Birni. A ƙasa. Ya zura hannuwansa cikin silifas, yana jan sauran jikin a baya, kamar yadda yake yi muna yara. Rairayi ya riga ya ɗau zafi. Mutane suna ratsewa suna kau da kai. Na miƙe zan tare shi, ya ɗaga mini hannu in tsaya.

Da ya iso inuwa ya daɗe yana haki. Wandonsa ya huje a gwiwa, fatar ta saɓule.

Ya ce, "Nomau, tayar nan ta hagu, mai sauran lafiya. Tana nan?"

Tunda nake ban taɓa jin sunana a bakinsa ba.

Na ce, "Tana nan."

"Yanko mini biyu, daidai gwiwa. Ka huda, ka sa igiya. In mai tukwanen nan ya dawo, ka ba shi sauran."

Na ɗauko tayar na sa wuƙa. Roba ce mai kyau, da ƙyar ta yanku. Na gwada a gwiwarsa, na rage baki, na ɗaure masa da guntun shambur don kada igiya ta ci fata. Ya lanƙwasa, ya miƙe, ya ce ya yi.

Ya mayar da hannuwansa cikin silifas ya juya wajen Birni.

Na ɗaga murya na ce, "Ubangida, haka za ka tafi ba ka sallami bawanka ba?"

Bai waiwayo ba. Mai keken da nake gyara ya ce in yi sauri, rana tana yi.