Sunan Wanda Ake Nema

Kafaran Illa, soja mai igiya biyu, yana cikin goge akwatin tarho da tsohuwar hularsa sai ƙararrawar layin Damagaram ta kaɗa. Ya yar da hular a kan tebur, ya ɗora abin saurare a kunne, ya soka igiya a raminta, ya amsa da faransancin nan nasa na bariki wanda yake maimaitawa sau talatin a wuni. Ƙarfe tara da minti goma na safe, ya duba agogon bango ya rubuta a littafi.

A shekarun nan ba a san salula ba. Barikin sojan da ke bayan garin Matameye layi ɗaya tak gare shi zuwa Damagaram, kuma a ɗakin Illa yake shigowa kafin ya raba shi biro-biro, wato ofis-ofis. Ajidan Muntaka, wanda ke riƙe da sha'anin cikin bariki, ya rubuta dokokin layin da manyan baƙaƙe ya manna a bango daidai goshin mai tsaro. Layi na aikin gwamnati ne, ba na gaisuwa ba. In rashin lafiya ce ko rasuwa, an yarda wa iyalin soja minti uku, amma sai mai kira ya faɗi sunan wanda yake nema da bakinsa, a rubuta. Soja ba ya kiran gida sai ajidan ya sa hannu. In kuwa kapitan, shugaban barikin, ya nemi layi, ko da wa ake magana, a yanke nan take. Wata biyu ke nan da aka maido Illa ɗakin, bai taɓa karya ko ɗaya ba, har abokansa na yi masa tsiya suna ce masa limamin waya.

“Salamu alaikum. Ana ji na? To ni ban san ta inda ake maganar ba.”

Muryar tsohuwa ce, tana ɗaga ta kamar mai kiran wani daga bayan gona, kuma ko cikin barci aka tashe shi ya san ta. Mahaifiyarsa ce, Mariyama. Mako guda ke nan da ƙanwarsa Salamatu ta ɗauke ta daga Dungu ta kai ta asibiti a Damagaram saboda kumburin ciki. An ce za a yi mata aiki ranar Alhamis mai zuwa, har ya riga ya shigar da takardar neman izini don ranar.

“Amin, alaikumus salam. Ana jin ki. Barikin Matameye ne,” ya ce, da muryar aiki, wadda yake yi wa kowa.

“Yauwa. Ina kwana? Ina gajiya? Ya aiki? Ya mutanen gida?” Sai da ta kai gaisuwar ƙarshe sannan ta rage murya. “Ɗan nan, wata malamar asibiti ce ta taimaka mini da wayarsu. Ina son magana da yaron nan.”

Abin da ya kamata ya ce bai fi kalma biyu ba. Ni ne. Shi ke nan. Amma wallahi zuciyar ɗan Adam ba ta da tabbas, don a daidai wannan lokacin idonsa ya sauka a kan takardar ajidan, wani tunani ya faɗo masa wanda bai taɓa yi ba.

Illa ɗan fari ne. Shekararsa talatin da huɗu a duniya, bai taɓa jin sunansa a bakin uwarsa ba. Ana yaye shi aka miƙa shi ɗakin kakarsa, ya tashi yana ce wa uwar Yaya, yadda ya ji ƙannenta na faɗa. Sauran 'ya'yan kuwa tun daga bakin rijiya ake jin tana ƙwala musu kira, Salamatu, Manu, har da zagi in sun yi nawa. Shi sai “wannan”, sai “yaron nan”, sai ta yi magana tana kallon bango. Ranar da ya dawo daga horon soja da kaki sabo fil, duk Dungu ta taru a ƙofar gida, ita ta shige ɗaka ta aiko Salamatu da ƙwaryar fura. Ya san kunya ce, ya san ba ƙi ba ne, don furar nan nononta ya fi na kowa kauri. Duk da haka abin yana nan a zuciyarsa tun yana ƙarami, bai taɓa gaya wa kowa ba.

Ga doka a bango, ga ta ba ta ganin fuskarsa. Sau ɗaya dai, ya ce a ransa. Sau ɗaya, sannan in ce mata ni ne, mu yi dariya.

“Wane yaro, Iya? Muna da yara sun fi saba'in a nan.”

“Yaron nan nawa. Na Dungu. Dogo, mai tsage a nan gefen.”

“Iya, ba na ganin gefen da kike nunawa. Doka ce, sai kin faɗi sunansa in rubuta, sannan in kira miki shi.”

Yana jin numfashinta cikin ƙugin layin, da takun mutane a can nesa, da wani jariri yana kuka.

“Haba ɗan nan,” ta ce a hankali. “Kai ba ɗan mutane ba ne? Na fari ne fa.”

“Na sani, Iya. To amma littafin gwamnati bai san na fari ba.”

Yana murmushi lokacin da ya faɗi haka. Wannan murmushin shi ne abin da ya fi cin ransa daga baya.

“Salamatu ta tafi karɓo magani, da ita za ta faɗa maka,” in ji tsohuwar. “To tsaya. Tsaya in...”

Ƙararrawar biron kapitan ta kaɗa, doguwa, sau biyu. Illa ya soka ɗaya igiyar. Kapitan yana son Damagaram yanzu-yanzu. Illa ya koma kan layin da sauri, bakinsa har yana harɗewa, ya ce, “Iya, za a yanke, ki sake kira an jima,” kuma ko a nan bai ce ni ne ba, don kunnen kapitan yana jira a ɗaya gefen. Da hannunsa ya zare igiyar.

Minti ashirin da biyar kapitan ya yi yana faɗa da wani a Damagaram a kan tayoyin babbar mota kamiyo guda huɗu da aka yi alkawari tun kafin damina. Illa yana zaune yana kallon agogo. A littafi ya riga ya rubuta lokaci, ya rubuta daga inda aka kira, gurbin sunan wanda ake nema kuwa yana nan fari.

Da layi ya samu, ya zauna jiran ta sake kira. Ƙarfe goma ta yi, sha ɗaya ta yi. Aka kira daga Kance a kan wata takarda, aka kira daga Damagaram a kan albashin wani da aka canja wa wuri. Duk lokacin da ƙararrawa ta kaɗa sai ya zabura kamar an tsikare shi. Hannunsa ya kai kan mariƙin kira ya fi sau biyar, ya janye. Ba mai gani, ɗakin shi kaɗai ne, amma ma'aikatan tarho na Damagaram suna rubuta duk kiran da ya fita daga bariki, kuma wanda ya riƙe ɗakin kafin shi a kan haka aka cire masa igiyar muƙami. Ya nemi ajidan, aka ce ranar kasuwa ce, ya shiga gari sayen raguna na abincin sojoji. Sai ya shiga lallashin kansa. Ai sai Alhamis. Ai gaisuwa ce kawai. Ranar Laraba da yamma zai je da kansa, ya ba ta labari, Salamatu ta yi ta dariya.

Bayan azahar Ajidan Muntaka ya dawo, takalmansa duk ƙasar kasuwa. Mutum ne mai faɗa amma ba mugu ba. Ya tsaya a bakin ƙofa ya saurari labarin har ƙarshe, sannan ya cire tabarau ya dube shi.

“Tsohuwarka ta kira, kai ne a kan layi, minti ukunka ne halak malak. Me ya hana ka ce ni ne?”

Illa ya sunkuyar da kai.

“Kai dai anya kana da lafiya? Miƙo takardar in sa hannu.”

Sai da aka yi ta fama kafin a samu asibitin. Wani namiji ya ɗauka, ya tafi dubawa, ya daɗe, ya dawo. Ya ce ai tsohuwar Dungu an shiga da ita ɗakin tiyata tun ƙarfe goma. Likitan da zai yi aikin tafiya ta taso masa, shi ya sa aka matso da na Alhamis zuwa yau. Ba a fito ba tukuna. Illa ya yi godiya ya zare igiyar. Yanzu ya gane abin da ya sa matar da ba ta taɓa riƙe tarho ba ta roƙi a ba ta shi, minti hamsin kafin a kwantar da ita.

Abincin rana da aka kawo masa yana nan a rufe, ƙudaje na zagaya kwanon. Ya yi la'asar a gefen akwatin, kunnensa na kan ƙararrawa, bai san surar da ya karanta ba.

Ƙarfe biyar saura kwata layin Damagaram ya kaɗa.

“Ni ce Salamatu Shekara, daga asibiti. Ina neman Kafaran Illa Shekara.” Ta faɗe shi tiryan-tiryan, kamar wadda aka koya wa.

“Ni ne, Salamatu.”

“Yaya Illa, sai haƙuri. Inna ta cika. Ba ta farfaɗo daga aikin ba.”

Ya ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ya sake faɗa. Idonsa na kan agogo, don ya saba, yana ganin tsinken daƙiƙa na tafiya.

“Da safe ta kira,” ya ce, da ƙyar. “Ni na ɗauka. Ba ta san ni ba ne.”

“Ta sani.”

“Me kika ce?”

“Ta sani, Yaya. Ina dawowa daga karɓo magani na same ta a tsaye da abin a hannu. Malamar asibiti tana ce mata, Iya, an yanke, kawo. Ta ce a'a, yana nan, shi ne da kansa, tun daga sallama na gane shi, ja na yake yi kamar ubansa. Sai ta ce mu juya mata baya. Muka juya.” Kuka ya ci ƙarfin Salamatu, ta tsaya, ta ja hanci. “Ta ja mayafi ta rufe fuskarta, ta faɗa a ciki. Sau biyu ta faɗa. Ta ce, Illa. Illa, na yafe maka duniya da lahira, ni ma ka yafe mini. Ta tsaya tana saurare. Da ta ji shiru sai ta miƙa abin, ta ce kunya ce ta kama shi.”

Illa ya dafe bakin tebur. Yana son ya tambaya ko an gaya mata babu kowa a layin, ko ta tafi tana zaton ya ji ya ƙi amsawa. Baƙin ciki irin wanda bai taɓa sani ba ya taso masa tun daga ciki, ya kifa goshi a kan akwatin, ramukan igiyoyin suna dannar fatarsa, ya yi kuka kamar ba soja ba.

“Yaya, kana ji? Manu ya samo mota. Gobe da safe za a kai ta Dungu.”

“Ina ji. Zan riga ku isa.”

Minti uku suka cika. Ba wanda ya ce ya yanke, shi ya yanke.

Ajidan Muntaka ya shigo da takardar izini ta kwana bakwai, da sojan da zai karɓi ɗakin. Ya yi masa ta'aziyya, ya dafa kafaɗarsa, ya ce akwai motar kasuwa da za ta koma wajen Dungu kafin magariba, in ya yi sauri zai same ta. Sannan, don aiki aiki ne, ya jawo littafin ya bi layukan ranar da yatsa kafin ya sa hannu. Yatsan ya tsaya a kan ƙarfe tara da minti goma.

“Nan babu suna.”

Illa ya karɓi alƙalamin. Ya rubuta sunansa a gurbin, baƙi bayan baƙi.

Ajidan ya duba rubutun, ya duba takardar da ke bango, ya rage murya. “Ka ce mini ba ta faɗa ba.”

“Ta faɗa, ajidan,” in ji Illa. “Ni ne ban kasance a layin ba.”

Ya ɗauki tsohuwar hularsa daga kan tebur ya fita.